Mai Ƙarfi, Ba Ta Wasa Ba

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan takardar nan za ta same ka lafiya, aiki kuma yana tafiya. Mu ma nan mun gode Allah. Ƙafar dama ta yayanka, maigidana, ta warke, wato abin da likitoci suka bar masa daga cikinta bayan haɗarin. Dungun ya haɗe, an daina wankin ciwo tun watan jiya. Ni ce dai baya ke damuna saboda zaman keken ɗinki.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Ɗakinmu ɗaya ne, duk abin da na faɗa yana kunnensa, shago kuma kullum cike yake da mata masu jiran ɗinki. Dogo, abokinsa da suka yi tuƙin tirela tare, yana bi ta garinku duk mako biyu. Shi zai ba ka wannan da ƙullin da ke tare da ita.

Abin da ke cikin ƙullin shekara guda na yi ina tara shi, ba wanda ya sani. Kwamfuta nake so ka saya mini. Inna Ƙarama ta ce a wurin masu kwamfuta kake aiki, har ba a taɓa komai sai kana tsaye, shi ya sa ban nemi kowa ba sai kai. Ta tebur nake so, wadda aka riga aka haɗa, a jona kawai ta kama, da allonta. Mai ƙarfi, ba ta wasa ba.

Kuɗin ke nan, babu wani a bayansu, don haka ka buɗe ido. Kada ka tambaye ni ta mece ce, kuma kada dangi su ji.

Yayarka.

*

Zuwa ga Yaya,

Na amsa gaisuwarki, na kuma ji daɗin labarin ƙafar Yaya Direba. Allah ya ƙara sauƙi. Ki riƙa sa matashi a bayanki in kina ɗinki. Ni lafiya lau, sai ɗan tari da ƙurar kwalaye ta sa mini, shi ma ya kusa tafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san ban yi nisa a makaranta ba.

Saƙo ya iso yadda kika ƙulle shi. Na ɗinke shi a cikin katifa.

Ranar hutuna na zagaya kasuwa. Ban tsaya a shagonmu ba, kayanmu sun cika tsada. Na tafi can ƙarshen layi, wurin wani mai shago mai zobba uku a hannu ɗaya. Shagon nasa kashi biyu ne. A dama akwai manya masu gefen gilashi, fankokinsu na juyawa suna canja launi, ja, shuɗi, kore, samari sun kewaye su ba mai saye. A hagu akwai sirara baƙaƙe, ba mai kallonsu.

Ya tambaye ni ta wasa nake so ko ta aiki. Sai na ciro takardarki na karanta masa wurin da kika ce ba ta wasa ba. Ya ce, "Wannan mai takarda ta san abin da take yi. Waɗancan na 'yan gata ne, masu harbe-harbe da tseren mota." Na ji daɗi a raina da kika fayyace tun farko, don da ban san wadda zan nuna ba.

Ya ce na wasa suna da wani abu a ciki da ake kira katin hoto, shi ke cinye rabin kuɗin, mai aikin ofis kuma ba ya bukatarsa. In aka bar shi, kuɗinki za su sayi sabuwa fil ta aiki, da babban allo, da kibod da maus. Na lura da ya ga ba ta wasa zan saya ba sai ya daina murmushi, ya koma danna wayarsa. Wannan ya ƙara kwantar mini da hankali, na ce ashe a can ribarsa take.

Ban saya ba tukuna. Zan jira zuwan Dogo na gaba. In ban ji wata magana daga gare ki ba, zan biya, don ya ce kaya na tashi.

Ƙanenki.

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da Yaya Direba. Tarin ya tafi.

Na je tasha sau biyu ban ga Dogo ba. Na ƙara mako guda a kan abin da na ce, har mai zobba ya ce wani ya taya wadda na zaɓa. Tunda shiru kika yi, na ɗauka kin yarda. Na saya.

Yaya, abin sha'awa ce. Siririya, za ki iya saƙala ta a hammata. Na yanke hatimin kwalin na kunna ta don in tabbatar ba a cuce mu ba. Ba ta da ƙara ko kaɗan, sai na kara kunne kafin na ji tana numfashi. Allon kuwa ya kai faɗin tagar ɗakina.

Na mayar da ita cikin kwali na ɗora a kan katifa, ni na koma tabarma, saboda kwanon ɗakin yana yoyo ta gefen ƙofa, ƙasa kuma tana jiƙa. Maƙwabcina mai facin taya ya leƙo ya ce ko amarya na yi na bar mata gado.

Kin ce kada in tambaya, ban tambaya ba. Amma a raina na ce wataƙila Yaya Direba ne zai koyi buga takardu ya riƙa samun na kashewa daga zaune. In haka ne, kin yi tunani.

Zan bar wannan takardar wurin mai shayin tasha ya ba Dogo. Ki faɗa mini ranar da zan ɗora masa kayan.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Muna lafiya. Ina fata kai ma haka.

Takardunka biyu rana ɗaya suka zo mini. An canja wa Dogo hanya mako biyar, ta farkon tana cikin aljihun motarsa duk tsawon lokacin, ya manta bai ba wani ya kawo ba. Na shiga bayan labulen da mata ke gwada kaya na karanta su a jere. Da na gama ta biyun na daɗe ban fito ba, har wata ta tambaya ko allura ce ta soke ni.

Laifina ne, ba naka ba. Da na ce ba ta wasa ba, nufina ta gaske, kamar yadda ake cewa wane ya yi gini ba na wasa ba. Amma ta wasa nake so. Irin waɗancan na dama da ka wuce.

Ga abin da na ɓoye maka. Tun da aka sallamo yayanka ba ya fita ko ƙofar gida. Abokansa sun gaji da zuwa, don in sun zo fuskarsa na bango. Ni kaina in na samu kalma goma a wuni daga bakinsa, ranar ta yi kyau. Abu ɗaya yake yi, kallon waya. Wata rana na leƙa ta bayansa, sai na ga bidiyon wani wasan kwamfuta ne, mutane na tuƙa tirela, da sitiyari a hannunsu kamar gaske, suna ɗaukar kaya daga gari zuwa gari. Hannunsa na dama yana kan bargo yana canja giya. Bai san yana yi ba.

Na tambayi ɗan wata mai kawo mini ɗinki, ya ce wasan sai kwamfuta mai wannan katin da ka ambata. Shi ya sayar mini da tsohon sitiyarinsa da abin takawa, suna nan shago a ƙarƙashin yadudduka.

Kunya ce ta hana ni rubuta maka haka. Mace ta yi shekara tana tara kuɗi, mijinta ba ƙafa ba aiki, ta ɗauka ta saya masa abin wasa. Ka san abin da 'yan'uwansa za su ce. Ko a takarda na kasa sa kalmar a inda ya kamata, sai na sa ta a inda ta ɓata komai.

Abin da ya sa ban karaya duka ba, kai ne. Tunda aikinka ne, ka buɗe ta ka sa mata katin, ko na hannu ne. In ya kama a sayar da allon, a sayar. Na san ba zai gagare ka ba.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Yaya Direba. Lafiyata ƙalau. Dogo ya zo ya koma sau ɗaya ban ba shi amsa ba. Ina ganinsa daga nesa na ɓuya bayan wata motar kaya har ya tashi.

Ni ba injiniya ba ne.

A shagonmu ni ne mai share ƙasa, mai sauke kaya daga mota, mai liƙe kwalaye da salatif. Shekara uku ke nan, ban taɓa kwance ko ƙusa ɗaya a jikin kwamfuta ba. Sunan ya samo asali ne daga wani hoto. Watan da na fara aiki, mai gyaran shagonmu, wanda muke kira Tabarau, ya fita cin abinci ya bar rigar aikinsa a kujera. Na saka, na riƙe sukudireba, na ɗauki hoto na tura wa Inna Ƙarama don ta yi dariya. Ba ta yi dariya ba. Ta zagaya da shi gida gida. Da na koma ganin gida na tarar har yara suna ce mini Injiniya, na ga yadda take kallona in an faɗa, sai na kasa gyarawa.

Kuma ƙarya na yi miki da na ce kayanmu sun cika tsada. Na tafi ƙarshen layi ne don kada mutanen shagonmu su ga ban san abin da zan tambaya ba. Da Tabarau na nuna wa takardarki, da ya ce a fara sanin me za a yi da ita kafin a taɓa kuɗi. Kullum haka yake tambayar masu saye, a gabana, ina shara.

Na ɗauki kwamfutar na koma wurin mai zobba. Ya duba hatimin da na yanke, ya ce abin da aka buɗe ba ya dawowa, kuma ai da bakina na karanta masa takarda. Gaskiyarsa ne. Na tsaya da kwali a kai har ya ce in matsa, ina tare masa ƙofa.

Daga nan na wuce shagonmu da ita. Na jira sai da mutane suka ragu, na ajiye ta a teburin Tabarau na faɗa masa komai, har maganar rigarsa. Ya sauke gilashinsa ya dube ni, ya ce dama ya daɗe yana mamakin wanda ya shafa wa rigar mai a wuya. Ya buɗe ta ya nuna mini: cikin ya yi ƙunci, katin ba zai shiga ba, in ma ya shiga, akwatin da ke raba mata wuta ƙarami ne, ba zai ɗauke shi ba. Ya ce kamar a ɗora wa ƙaramar mota lodin tirela ne.

Ban san yadda za ta ƙare ba, Yaya. Amma kayan suna nan, ba abin da ya same su. Ki ba ni mako biyu. In kin ga ya fi in aiko miki ita haka nan ki nemi wani, ki faɗa, ba zan ga laifinki ba.

Ƙanenki.

*

Yaya,

Da fatan kun tashi lafiya. Amsarki ba ta zo ba, kuma ban san ko fushi ne ko hanya ce ba. Na ci gaba dai da abin da na fara.

Tabarau ya ce mafita ɗaya ce, in gaya wa mai shagonmu, ko zai karɓi wannan ya ba ni wata. Kwana uku ina zagaye ofishinsa da tsintsiya. Ran na huɗu na shiga. Da ya ji, sai ya kira duk ma'aikata, har mai gadi, ya ce in maimaita.

"Kana kwana kana tashi a cikin kwamfuta," in ji shi, "ka kwashi kuɗi ka kai wa mai zobba? To mu nan me muke sayarwa, katifa?"

Aka yi ta dariya. Na tsaya ina kallon takalmina har suka gama. Bayan sun watse ya ce akwai wani mai kantin magani da ke neman ta ofis, zai karɓe ta har da allonta, amma a farashin wadda aka buɗe. Na yarda. Abin da muka yi asara ya kai kuɗin allo. Wannan daga wuyana yake, ba zan ɓoye miki ba.

Da abin da ya rage, guda uku ne na wasa kuɗin suka kai ko suka kusa kaiwa. Mai shago ya nuna mini ta farko, mai gilashi da fitilu, ita ce aka fi saye. Na ce a'a. Ya ce yau kuma mai shara ne ke zaɓe? Na ce masa ni ban san abin da ke cikinta ba, amma ni nake liƙe kwalin duk wadda aka dawo da ita, kuma irin wannan na liƙe bakwai tun farkon shekara. Duk maganar masu su ɗaya ce, tana cikin wasa sai ta ɗauke. Ta biyun ma na liƙe uku.

Akwai kuma abin da hannuna ya sani. Waɗanda ake dawowa da su ba su da nauyi ta ƙasa, ɗaya nake ɗauka a kowane hannu. Ta ukun kuwa, wata baƙa mara gilashi mara fitila, sai na sa hannu biyu, kuma ban taɓa ganin an dawo da irinta ba. Tabarau ya ce nauyin na akwatin wuta ne mai kyau. Ya ce masu haɗawa sun san ba mai tambayarsa, shi ya sa a nan suke rage kuɗi su zuba a fitilu. Ya duba katinta ya ce ba sabon yayi ba ne, amma zai ja tirela har da tirelar bayanta.

Ta ɗan fi kuɗinmu. Sai na tuna akwai irinta guda ɗaya a can bayan sito da ruwa ya taɓa kusurwar kwalinta bara, ni na matsar da ita, tun lokacin ba wanda ya so ta saboda tabon. Na ɗauko, muka buɗe, ciki a bushe. Mai shago ya ce in ɗauka a haka kafin ya canja ra'ayi.

Tabarau ya sa mata wasan, mun bar ta a kunne wuni guda, ba ta ɗauke ba. Ya ce in gwada. Ban yi minti biyu ba na kifar da tirela a rami.

Babu allo, Yaya. Amma na tuna kuna da talabijin a bango. Na sa wata igiya baƙa a cikin kwalin, bakinta ɗaya a bayan talabijin, ɗaya a ramin ƙasa na kwamfutar, inda na manna jan salatif. Kada ki sa a na sama, ba zai nuna komai ba. Na zana miki komai a bayan wannan takardar. Abin takawar kuma ki tura shi gefen hagu, ki tokare shi da bango don kada ya riƙa zamewa.

Na roƙi Dogo ya sa ta a kujerar gaba.

Ƙanenki.

*

Ƙanena,

Muna lafiya, kaya sun iso lafiya. Ba fushi na yi ba. Sau uku na fara amsa maka ina yagawa, don duk abin da na rubuta sai in ga ni ce ya kamata in nemi gafara.

Na haɗa ta yana barcin rana, da zanenka a hannuna. Da ya farka ya ga sitiyari a ɗaure da tebur, ya dube shi, ya dube ni. Ya ce, "Yanzu yaro kika mayar da ni?" Ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu ko kalmomi goman nan ban samu ba. Na ce a raina shi ke nan, na zubar da shekara guda, na kuma ci masa fuska a kan haka.

Ran na uku na dawo gida da rana ɗaukar zare. Tun daga tsakar gida na ji ƙarar inji. Ban shiga ba. Na tsaya jikin ƙofa ina jin yana zagin wata ƙaramar mota da ta shigo masa ba sigina. Na koma shago ba zaren.

Jiya ya tambayi wanda ya zaɓo ta. Na rasa yadda zan taƙaita, sai na miƙa masa takardunka duka. Ka yafe mini. Inna Ƙarama ba za ta ji daga bakina ba, wannan tsakaninka da ita ne. Ya karanta, ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar nan.

Yayarka.

Ƙanena, ni ne, yayanka. Na ga takardunka. Shekara huɗu na yi ina wanke mota kafin a bar ni in taɓa sitiyari, kuma duk lokacin a gida direba ake ce mini.

Ƙafar hagu ta fara sabawa da totur, birki ne har yanzu take takawa kamar kuloci. Amma akwai abin da ba daga ni ba ne. In na taka birki da lodi, motar tana ja dama. Ka tambayi Tabarau ko daga sitiyarin ne ko akwai inda ake saitawa. Kada ka jira Dogo, ka kira ni a waya. Ina da katako da zan sauke, kuma hanyar duk gangara ce.